Kirfa da sinadarin kumarin: ƙamshin da hukumomin lafiya ke sa wa ido

Sama da shekaru 70 ke nan ana taƙaddama a kan wani sinadari mai ƙamshi da ake samu a cikin kirfa da turare da man shafawa. Dokokin Turai sun ƙayyade yawansa a cikin biskit da burodi, to amma sun bar ƙofa a buɗe a inda aka fi shan sa da yawa, wato garin kirfa da ƙwayoyin da ake sayar wa masu ciwon sukari.

A shekara ta 2023 ne Ƙungiyar Tarayyar Turai ta zartar da wata doka da ta ƙara yawan sinadaran ƙamshi da wajibi ne a rubuta sunayensu a jikin kwalaben turare da man shafawa da sabulu, daga 26 da aka fara da su zuwa kimanin 80. Dokar ta tsayar da ranar 31 ga watan Yulin shekara ta 2026 a matsayin wa'adin da sabbin kayayyaki za su fara bin wannan ƙa'ida, sa'annan ta ba wa tsofaffin kayan da ke kan kanta zuwa ƙarshen watan Yulin 2028 domin a sayar da su ko a janye su. Akasarin waɗannan sinadarai daga tsirrai ake samun su, kama daga fure zuwa ɓawon itace da ɓawon lemo. Daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan jeri akwai wani da ake kira kumarin, wanda labarinsa ya wuce kwalbar turare, domin kuwa shi ne ya sa aka yi ta kai ruwa rana a Jamus da Denmak a kan biskit da burodin kirfa, kuma shi ne hukumomin lafiya ke nuna damuwa a kansa a game da ƙwayoyin kirfa da miliyoyin mutane ke sha da nufin rage sukarin jini.

Daga dajin Amurka ta Kudu zuwa kwalbar turare

An fara gano sinadarin kumarin ne a shekara ta 1820, lokacin da wani masanin haɗa magunguna a birnin Munich, August Vogel, ya tace shi daga 'ya'yan itacen tonka da ke tsiro a dazuzzukan arewacin Amurka ta Kudu. Sunan ma ya samo asali ne daga sunan da 'yan asalin yankin ke kiran wannan itaciya. Ƙamshinsa yana kama da na ciyawar da aka yanka ta fara bushewa, haɗe da ɗan zaƙi irin na banila. Baya ga tonka, ana samun sa a cikin wasu nau'o'in ciyawar kiwo da kuma ɓawon itacen kirfa.

A shekara ta 1868 masanin kimiyya na Ingila William Perkin ya gano yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da bukatar wata shuka ba. Shekaru 14 bayan haka, wato a 1882, kamfanin Houbigant na birnin Paris ya fitar da turaren Fougère Royale, wanda masana tarihin turare ke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin na farko da aka gina a kan sinadarin da aka haɗa a masana'anta. Tun daga sannan kumarin ya zama ginshiƙi a sana'ar turare, musamman turarukan maza. Masu yin cakulan da alewa da kayan zaƙi su ma suka rungume shi, saboda ya fi banila araha nesa ba kusa ba.

Akwai wani ruɗani da ya daɗe yana bin sunan wannan sinadari. A cikin shekarun 1920 shanu sun yi ta mutuwa sakamakon zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata ciyawar kiwo mai ƙamshi da ta yi fumfuna. Binciken da Karl Paul Link da abokan aikinsa suka gudanar a jami'ar Wisconsin ya nuna cewa fumfunar ce ke sauya kumarin ɗin da ke cikin ciyawar ya koma wani sinadari dabam mai hana jini daskarewa. Daga wannan bincike aka samar da maganin warfarin, wanda aka fara sayarwa a matsayin maganin ɓera a 1948, kafin daga bisani likitoci su fara ba wa masu ciwon zuciya. Wannan dangantaka ta sa mutane da dama ke zaton kumarin yana tsinka jini. A haƙiƙa shi kansa ba ya yin haka. Matsalarsa tana ga hanta ne.

Haramcin Amurka da gardamar ɓeraye

A farkon shekarun 1950 gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da karnuka sun nuna cewa kumarin yana lalata hanta idan aka ba da shi da yawa. Sakamakon haka hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta zuba shi a cikin abinci a shekara ta 1954, haramcin da ya haɗa da 'ya'yan tonka, kuma har yanzu yana nan daram. Daga baya wasu gwaje-gwajen na tsawon lokaci sun gano ƙari a jikin ɓerayen da aka ɗora a kan sinadarin mai yawa, lamarin da ya tayar da fargabar cewa mai yiwuwa yana haddasa cutar kansa.

To sai dai kuma masana sun lura da wani muhimmin bambanci. Hantar ɗan Adam tana sarrafa akasarin kumarin ɗin da ya shiga jiki ne ta wata hanya da ke mayar da shi abu maras illa, wanda ake fitarwa a fitsari cikin 'yan sa'o'i. Ita kuwa hantar ɓera wata hanyar take bi, wadda ke haifar da sinadarai masu guba. Saboda haka ba lalle ne abin da ya faru ga ɓera ya faru ga mutum ba. A shekara ta 2000 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon ta sanya kumarin a rukunin abubuwan da babu isasshiyar hujjar da za a ce suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Kazalika a 2004 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai, EFSA, ta yanke cewa sinadarin ba ya lalata ƙwayoyin gado, ma'ana ke nan akwai wani mizanin da idan ba a ƙetare shi ba babu abin fargaba. Hukumar ta tsayar da wannan mizani a kan kashi ɗaya cikin goma na miligiram ga kowane kilogiram na nauyin jiki a kowace rana. Wato mutum mai nauyin kilogiram 60 zai iya ɗaukar miligiram 6 kullum tsawon rayuwarsa.

Wannan bai kawo ƙarshen maganar ba, domin akwai shaida daga jikin mutane su kansu. A cikin shekarun 1980 da 1990 an yi amfani da kumarin a matsayin magani ga masu kumburin hannu ko ƙafa, musamman matan da aka yi wa tiyatar kansar nono. Wani ƙaramin kaso na majinyatan ya kamu da ciwon hanta, wasu har da shawara, abin da ya sa ƙasashen Faransa da Ostireliya suka janye maganin daga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Darasin da likitoci suka koya shi ne akwai wasu mutane 'yan ƙalilan da hantarsu ba ta jure wannan sinadari, kuma babu wata hanya mai sauƙi ta gane su kafin illar ta bayyana. Abin da ya ɗan kwantar da hankali shi ne a mafi yawan lokuta hantar kan murmure cikin 'yan makonni da zarar an daina sha.

Rikicin biskit a Jamus da burodi a Denmak

A shekara ta 2006 batun ya fito daga ɗakunan bincike ya shiga kanun labarai a Jamus. Jami'an binciken abinci sun gano cewa wani biskit mai siffar tauraro da ake yi da kirfa a lokacin bukukuwan Kirsimeti yana ɗauke da kumarin fiye da miligiram 2 a kowane kilogiram da dokar wancan lokaci ta amince da shi, a wasu samfuran ma ninki goma ko fiye. Cibiyar tantance haɗurra ta tarayyar Jamus, BfR, ta gargaɗi iyaye da su taƙaita yawan biskit ɗin da suke ba wa ƙananan yara. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye sun zargi hukumomi da yi wa kamfanoni sassauci, yayin da masu masana'antu ke cewa an yi shekaru aru-aru ana cin wannan biskit ba tare da an ga ya kwantar da kowa ba.

An sasanta rikicin ne da wata sabuwar dokar Tarayyar Turai ta shekara ta 2008, wadda ta fara aiki a 2011. Dokar ta hana a zuba tsantsar kumarin a abinci, amma ta amince da wanda ya shigo ta hanyar kirfa, bisa wasu iyakoki: miligiram 50 a kowane kilogiram ga kayan gashi na gargajiya ko na bukukuwa, miligiram 20 ga hatsin karin kumallo, miligiram 15 ga sauran kayan gashi na yau da kullum, sai kuma miligiram 5 ga kayan zaƙi da ake ci bayan abinci.

A ƙarshen shekara ta 2013 wannan rabe-raben ya jefa ƙasar Denmak cikin wata muhawara mai zafi. Hukumar abinci ta ƙasar ta gano cewa kusan rabin samfuran da ta gwada sun zarce iyakar miligiram 15, ciki har da nannaɗaɗɗen burodin kirfa da al'ummar ƙasar ke ji da shi. Ƙungiyar masu gidajen burodi ta yi ƙorafin cewa ana neman kashe wani abinci da aka gada kaka da kakanni. Abin da ya ƙara fusata su shi ne maƙwabciyarsu Suwidin, wadda har ranar bikin burodin kirfa take da ita a kowace 4 ga watan Oktoba, tuni ta ayyana nata burodin a matsayin na gargajiya, ta haka ya faɗa ƙarƙashin iyakar miligiram 50. A shekara ta 2014 mahukuntan Denmak suka bi sahu. Masu sharhi sun lura cewa burodin bai sauya ba, hantar masu cin sa ma ba ta sauya ba, sunan da aka ba shi a takarda ne kawai ya ninka abin da doka ta amince da shi fiye da sau uku. Wannan ya nuna yadda al'ada da kasuwanci ke da ta cewa a wajen tsayar da irin waɗannan iyakoki, daidai da yadda kimiyya ke da ita.

Kirfa iri biyu, suna ɗaya

Tushen matsalar shi ne abin da ake kira kirfa a kasuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai kirfar Siri Lanka, wadda Turawan Fotugal da na Holan da na Ingila suka yi ta gwagwarmayar mallakar cinikinta tun daga ƙarni na 16. Wannan nau'i ɗan burbushin kumarin kawai yake ɗauke da shi. Akwai kuma dangin kirfar da ake kira kasiya, wadda ake nomawa a ƙasashen Sin da Biyetnam da Indonesiya. Ita ce ta fi yawa a kasuwannin duniya, ta fi araha, ta kuma fi ƙarfin ƙamshi da yaji. Bisa ga alƙaluman cibiyar BfR, kilogiram guda na kasiya yana ɗauke da kimanin miligiram 3,000 na kumarin a matsakaici, kuma an taɓa samun samfurin da ya kai miligiram 10,000.

Idan aka ɗora wannan a kan mizanin hukumar EFSA, za a ga cewa baligi mai nauyin kilogiram 60 zai cika kasonsa na yini da giram 2 kacal na kasiya, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yaro mai nauyin kilogiram 15 kuwa rabin giram ya ishe shi. Masu sayar da kayan ƙamshi sun taɓa kafa hujja da cewa kumarin ɗin da ke cikin ɓawon itace ba ya shiga jini kamar tsantsarsa, amma wani gwaji da masanan cibiyar ta BfR suka yi a kan mutane, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa bambancin ɗan kaɗan ne.

Wani abin lura a nan shi ne dokar Turai ta 2008 ba ta sanya wata iyaka a kan ita kanta kirfar da ake sayarwa a matsayin kayan ƙamshi ba, kuma ba ta tilasta a rubuta nau'inta a jikin kwali ba. Haka lamarin yake a Amurka, inda aka haramta ƙara kumarin a abinci amma ake sayar da kasiya da sunan kirfa ba tare da wani shamaki ba. Mai saye zai iya bambance su ne kawai idan suna sanduna. Sandar kirfar Siri Lanka tana da launin ƙasa-ƙasa mai haske, ɓawonta siriri ne an naɗe shi falle-falle da yawa, kuma tana marmashewa a hannu. Ita kuwa kasiya ɓawo ɗaya ce mai kauri da tauri, launinta ya fi duhu yana ɗaukar ja. Da zarar an niƙa su sun zama gari, ko ƙwararre sai ya kai ɗakin gwaji kafin ya tantance. A shekara ta 2022 Tarayyar Turai ta ba wa kirfar Siri Lanka kariya ta musamman a kan sunanta, matakin da ƙasar ta daɗe tana nema domin raba hajarta da ta abokan gogayya.

Ƙwayoyin kirfa da ciwon sukari

Wanda ya barbaɗa kirfa a shayi ko a abinci jefi-jefi ba shi ne hukumomi ke jin tsoro a kansa ba. Hukumar EFSA da kanta ta bayyana a 2008 cewa ko da mutum ya ninka mizanin sau uku na tsawon mako ɗaya ko biyu babu wata damuwa. Fargabar tana ga waɗanda suka mayar da kirfa magani, suna shan ta cokali-cokali ko a ƙwayoyi, safe da yamma, wata da watanni.

Wannan ɗabi'a ta samu karɓuwa sosai ne bayan wani bincike da aka gudanar a birnin Peshawar na ƙasar Pakistan, aka kuma wallafa a shekara ta 2003. An raba masu ciwon sukari su 60 rukuni-rukuni, aka ba wa wasunsu giram 1 ko 3 ko 6 na kasiya kullum har kwana 40, aka kuma ba da rahoton cewa sukarin jininsu ya ragu da kashi 18 zuwa 29 cikin ɗari. Labarin ya bazu a duniya, kamfanoni suka shiga ɗura garin kirfa a ƙwayoyi. To amma binciken da suka biyo baya sun ba da sakamako masu karo da juna. A shekara ta 2012 masanan cibiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje guda 10 da suka ƙunshi mutane 577, suka kammala da cewa babu isasshiyar hujjar da za ta goyi bayan amfani da kirfa wajen maganin ciwon sukari. Ƙungiyar likitocin ciwon sukari ta Amurka ita ma ba ta sanya kirfa cikin abubuwan da take ba da shawarar amfani da su ba.

Daura da haka, lissafin haɗarin a fili yake. Giram 6 na kasiya, wato mafi yawan abin da aka ba da a binciken na Peshawar, yana iya ƙunsar miligiram 18 na kumarin, ninki uku ke nan na abin da aka amince wa mai nauyin kilogiram 60. Tun a 2006 cibiyar BfR da hukumar magunguna ta Jamus suka bayyana cewa ƙwayoyin kirfa da ake talla da sunan rage sukari kamata ya yi a ɗauke su a matsayin magunguna, waɗanda sai an tabbatar da amfaninsu da rashin illarsu kafin a sayar. A shekara ta 2015 wata mujallar likitoci ta Amurka ta ba da labarin wata tsohuwa mai shekaru 73 da hantarta ta kumbura mako guda bayan ta fara shan ƙwayoyin kirfa, alhali tana kan maganin rage kitsen jini. A 2021 kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta ba da shawarar kada kumarin ɗin da baligi mai nauyin kilogiram 60 ke samu daga irin waɗannan ƙwayoyi ya kai miligiram 4.8 a rana, ta kuma gargaɗi masu tarihin ciwon hanta da su ƙaurace musu.

Dalilin da ya sa waɗannan ƙwayoyi ke kuɓucewa bincike shi ne matsayinsu a doka. A Amurka, wata doka ta 1994 ta ba da damar sayar da ƙwayoyin ƙarin abinci ba tare da neman amincewar hukumar FDA tun da farko ba, sai dai hukumar ta bi sawu idan matsala ta taso. A ƙasashe da dama ma haka abin yake, ana kallonsu a matsayin abinci alhali ana shan su kamar magani.

Ta fata ma yana shiga

A ɓangaren kayan kwalliya, babban abin da ake dubawa shi ne ƙaiƙayi da ƙurajen fata. Tun a shekara ta 2003 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunan kumarin a jikin kaya idan yawansa ya wuce kashi ɗaya cikin dubu ɗari a abin da ake shafawa a bari, kamar turare da man shafawa, ko kashi ɗaya cikin dubu goma a abin da ake wankewa, kamar sabulu. Manufar ita ce wanda likita ya tabbatar fatarsa ba ta jituwa da sinadarin ya iya kauce masa. Ƙungiyar masu masana'antun turare ta duniya, IFRA, ita ma ta ƙayyade wa mambobinta yawan da za su iya zubawa. A Amurka kuwa, wata doka da aka sanya wa hannu a watan Disamban 2022 ce ta ɗora wa hukumar FDA alhakin tsara irin wannan ƙa'ida.

Sai dai bincike ya nuna cewa kumarin yana ratsa fata cikin sauƙi ya shiga jini. Saboda haka ne cibiyar BfR ta ja hankali cewa wajen lissafin abin da mutum ke ɗauka a yini, wajibi ne a haɗa na abinci da na man shafawa, musamman ga ƙananan yara. Matsalar ita ce dokar abinci dabam take, dokar kayan kwalliya ma dabam, kuma kowace tana lissafi ne tamkar ɗayar ba ta nan, alhali hanta ɗaya ce ke sarrafa duka.

Algus ya fi kumarin saurin illa

Wani abin da ya faru a Amurka a ƙarshen shekara ta 2023 ya nuna cewa akwai haɗarin da ya fi wannan muni. Jami'an lafiya a jihar Carolina ta Arewa sun gano gubar dalma mai yawa a jinin wasu yara, bincike ya kai su ga wani abincin yara na tuffa da kirfa da aka yi a ƙasar Ekwado. An samu dalma fiye da kashi 5,000 cikin miliyan a wani samfurin kirfar da aka yi amfani da ita, kuma hukumar FDA ta ce alamu sun nuna da gangan aka zuba wani sinadarin dalma mai launin rawaya domin ƙara wa garin kyau da nauyi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya sama da mutane 500 da abin ya shafa, galibinsu ƙananan yara. A shekara ta 2024 hukumar FDA ta sake fitar da gargaɗi a kan wasu nau'o'in garin kirfa da ake sayarwa a shaguna masu rangwame. Al'ummar arewacin Nijeriya ba baƙi ba ne ga illar wannan guba, ganin yadda ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan jihar Zamfara a shekara ta 2010, ko da yake a can haƙar zinariya ce sanadi.

Inda lamarin ya shafi Afirka ta Yamma

Kirfa, wadda sunanta ya shigo Hausa daga Larabci, tana cikin kayan ƙamshin da ake shigowa da su daga Asiya, ana sa ta a shayi da girki da haɗin turaren wuta. A 'yan shekarun nan kuma ta samu gindin zama a shagunan magungunan gargajiya da na Musulunci da kuma shafukan sada zumunta, inda ake tallata haɗinta da zuma a matsayin maganin ciwon sukari da rage ƙiba da matsalolin haihuwa. Tsadar magungunan asibiti na daga cikin abubuwan da ke tura majinyata ga irin waɗannan haɗe-haɗe. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa baligai miliyan 589 ne ke fama da cutar a shekara ta 2024, kuma akasarinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki suke.

Abin da ya sa gargaɗin hukumar ANSES ke da nauyi a wannan yanki shi ne yawan masu ciwon hanta. Wani babban bincike na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a shekara ta 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekaru 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma mafi yawan masu ita ba su san da zamanta ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama. Ke nan mutum zai iya kasancewa cikin waɗanda aka gargaɗa ba tare da ya sani ba. Haka kuma akwai masu shan magungunan da su ma ke ɗora wa hanta nauyi, kamar na tarin fuka da farasitamol idan an yawaita shi.

A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke yi wa magungunan tsirrai rajista, kuma takan bukaci a rubuta a jikin kwalin cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. To amma garin kirfar da ake aunawa a kasuwa ko ake ƙullawa a leda ba ya bi ta wannan hanya, ba shi da suna, ba shi da ƙasar asali, balle bayanin nau'insa.

Likitoci dai sun yi ittifaƙi a kan wasu 'yan abubuwa. Kirfa a matsayin kayan ƙamshi ba ta da laifi ga mai lafiya. Wanda ke yawan amfani da ita zai fi samun kwanciyar hankali idan ya sayi sanda maimakon gari, ya kuma nemi ta Siri Lanka. Mai ciwon sukari kada ya ajiye maganin asibiti saboda ita, kuma ya shaida wa likitansa duk abin da yake sha a gefe. Idan kuwa ido ya fara yin rawaya ko fitsari ya yi duhu, to a dakata a nufi asibiti.

A halin da ake ciki, ƙungiyoyin kare masu saye a Turai na ci gaba da kiran a wajabta rubuta nau'in kirfa a jikin kowane kwali, kamar yadda aka wajabta rubuta sunan kumarin a kwalbar turare fiye da shekaru 20 da suka wuce. Muddin ba a ɗauki wannan mataki ba, mai sayen turare zai ci gaba da sanin abin da yake fesawa a jikinsa fiye da yadda mai ciwon sukari ya san abin da yake haɗiya.